Fijo 504 ta gado ko Mustang ta zamani: wacce za ta riƙe mai iyali a Kano?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina aiki a Bompai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 haɗin Kaduna ta shekarun 1980, da aka raba gado ta faɗo a kasona. Ta daɗe a rumfa ba a tayar da ita ba. Yanzu na tara 'yan kuɗi, wani dillali ya nuna mini Ford Mustang GT ta 2018 da aka shigo da ita daga Amurka, kuma gaskiya raina ya biya. Ina da mata da yara uku, kowace sallah muna tafiya Katsina. Yayana ya ce da tsohuwar zuma ake magani, in gyara Fijo domin ƙarfen da ya fi na yanzu. Wacce ta fi, kuma wacce zan riƙe a matsayin motar gida?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

In na fahimce ka, mota ɗaya kake so wadda za ta kai ka Bompai kullum, ta kai yara makaranta, ta kai uwargida unguwa, sannan ta hau titin Katsina da mutum biyar da kayansu sau biyu a shekara. Bari in ba ka amsar tun daga farko domin kada ka gaji da karatu: a cikin biyun nan babu wadda zan ce ka ɗora wa wannan aikin gaba ɗaya. Mustang ba za ta ɗauki iyalinka ba, Fijo kuma za ta ɗauke su amma ba za ta kare su ba in wani abu ya faru a kan babban titi. Sai dai ka sani ban ga ko ɗaya daga cikin motocin ba, magana nake a kan irinsu da suka ratsa ta garejina. Kuma ba zan sa farashi ba, domin kuɗin mota da kayanta a yau dala suke bi, abin da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin wata ya mutu.

Abin da aka ƙera kowacce ta yi

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A Faransa an daina ƙera ta a 1983, amma a nan gida masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har 2006. Wato motar da aka zana tun kafin a gama yaƙin basasa ta ci gaba da fitowa sabuwa fil har zamanin wayar salula. Ba a banza ba. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar hukuma, daga nan ma'aikatu da 'yan sanda da direbobin tasha suka rungume ta. Duk wanda ya taɓa shiga wagon daga Unguwa Uku zuwa Kaduna a wancan zamani ya san abin da nake faɗa. A 1975 ma 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu da ƙura, wanda yawancin motocin da suke shigarsa ba sa kaiwa ƙarshe.

Injin da ya fi yawa a irin taka shi ne mai lita 2.0, silinda huɗu, da kafireto, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Nauyin motar kuwa kusan kilo 1,200. Abin da masu ita suka sa a gaba shi ne ta jure mugun titi, ta yi laushi, kuma bakaniken da ke da sifana da sukudireba ya iya tayar da ita a bakin hanya.

Mustang kuwa tun 1964 Ford take yin ta, don matashin Ba'amurke mai son ƙara da gudu. GT ta 2018 tana da inji mai silinda takwas, lita 5.0, ƙarfin doki 460, nauyinta kusan kilo 1,700. In mai giya da kanta ce, giya goma gare ta. Ka yi lissafi da kanka: a Fijo kowane doki ɗaya yana jan kusan kilo 13, a Mustang bai kai kilo 4 ba. Shi ya sa Mustang take kaiwa kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, Fijo kuma sai ta haura goma sha biyu, in tana cikin ƙoshin lafiya ke nan. A kan gudu da birki da riƙe kwana babu gasa a tsakaninsu, kuma duk wanda ya ce maka akwai, son zuciya ne.

To amma ina za ka kashe wannan ƙarfin? Ka fito daga Rijiyar Zaki da safe, ka bi Kabuga, ka hau titin BUK, ka wuce Gidan Murtala ka nufi Bompai. Ɗan Adaidaita Sahu a hagu, wani a dama, mai kura a gaba, 'yan KAROTA a mahaɗa. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a cikin gari, 100 a babban titi mai hannu biyu, kuma ko ba doka cunkoso ba zai bar ka ka wuce haka ba. Dawakai 460 ɗin nan za ka riƙa ciyar da su ne kawai, aikin da suke yi bai wuce na hamsin ba.

Ƙasa da taya

A nan ne Fijo take cin Mustang ba tare da gardama ba. Ƙafafun 504 suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, wato in taya ta faɗa rami, sifirin da shokazoba suna da sararin da za su shanye bugun kafin ya iso kujera. Kujerar ma kanta laushi gare ta. Tayarta ta inci 14 ce mai kaurin gefe, irin su 175 R14, tsayin robar daga bakin wili zuwa ƙasa kusan santimita 14. Wannan robar ita ce farkon abin da ke karɓar duka.

Mustang an kwantar da ita ƙasa da gangan don kada ta yi tangaɗi a kwana. Wasu GT suna zuwa da wili na inci 19 da taya 255/40 a gaba, 275/40 a baya. Gefen robar gaba kusan santimita 10 ne kawai, kuma mai tauri ne. In ka afka ramin da ruwan Agusta ya rufe, ko dai taya ta yi ƙari a gefe, ko wilin ya lanƙwashe, wani lokaci ya tsage. Tayar da ta yi ƙari kuwa mai faci ba shi da abin da zai yi mata, sai sabuwa, kuma ba kowane shago ne yake ajiye wannan lambar ba. Ka buɗe but ɗin wadda aka nuna maka ka duba: da yawa ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfon iska da gorar gam.

Sai tudun rage gudu da mutanen unguwa suke yi da siminti yadda suka ga dama, da gangaren shiga gida a kan kwata. Na ga Mustang da aka kawo mini, leɓen bambar gaba ya tsage, robar ƙarƙashin inji tana ja a ƙasa, salansa ta lotsa a tsakiya, duka daga ƙofar gidan mai ita. Kullum sai ya shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, yaron gida yana tsaye yana masa nuni da hannu. Kafin ka yi ciniki ka kai ta layinku ka gwada shiga gida da ita, da mutum biyu a ciki.

Maganar ɗaukar iyali ba ta da tsawo. Mustang ƙofa biyu ce, kujera huɗu, bel huɗu. Ku biyar ne. Kujerun bayan ma babba ba zai zauna ba sai ya sunkuyar da kai, kuma duk mai shiga sai an kwantar masa da kujerar gaba. Ka tuna uwargida da goyo, ko ranar da za ka ɗauko Hajiya zuwa asibiti.

Maganar ƙarfen da

Yanzu ga inda zan saɓa wa Yaya, cikin girmamawa. Abin da ya faɗa shi ne abin da kusan kowa yake faɗa a majalisa: motar da in ta yi karo sai dai a buga ta a miƙe, ta yanzu kuwa kamar takarda. Rabin maganar gaskiya ce. In aka yi ɗan gugar juna a danja, Fijo mai bambar ƙarfe za ta tafi da ƙwarzane, sabuwar mota kuma ta zubar da fitila da roba na kuɗi masu yawa. Amma hatsarin da ke kashe mutane ba wannan ba ne.

In mota tana gudun kilomita 80 ta yi karo, jikin mutumin da ke ciki shi ma gudun 80 yake yi, kuma dole ya tsaya. Abin da ke raba mai rai da gawa shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana tsayar da shi. Ka sa ƙwai a cikin gwangwani ka yar a ƙasa: gwangwanin zai tashi lafiya, ƙwan ya fashe. Injiniyoyin yanzu suna yin gaban mota ne don ya murƙushe a tsare, ya shanye bugun a hankali, shi kuwa ɗakin da mutane suke zaune a yi shi da ƙarfe mai tsananin ƙarfi, irin wanda babu shi a masana'antar mota lokacin da aka zana 504. Bel ɗin zamani yana ɗaure mutum cikin ƙiftawar ido sannan ya ɗan saki don kada ya karya ƙirji, jakar iska ta tare kai. Motar takan mutu, mutum ya fito da ƙafarsa. Mu da muke ganin motocin da aka jawo daga kan hanya mun san wannan: sabuwar mota gabanta ya zama tarkace amma ƙofa tana buɗewa, tsohuwa kuwa gabanta da sauran kyan gani amma sitiyari ya iso inda ƙirjin direba yake, fedoji sun naɗe wurin ƙafa.

A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka mai suna IIHS ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Bel Air, wadda ta fi kama da tankar yaƙi a ido, ɗakin direbanta ya rufta. Malibu ɗakinta ya tsaya. Gaskiya 504 ta fi Bel Air tsari, amma tana ɓangaren tsofaffin ne, kuma shekaru kusan arba'in na tsatsa da walda ba su ƙara mata ƙarfi ba.

Akwai kuma abin da ke hana hatsarin faruwa tun farko. Birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa don ka iya murɗa sitiyari kana kan birki, a 1978 ya fara fitowa a manyan Marsandi. Na'urar da ke gyara mota in ta fara zamewa ta zo a 1995, kuma daga motocin 2012 Amurka ta wajabta ta. Fijonka ba ta da ko ɗaya. In akuya ta yanko maka tsakanin Bichi da Tsanyawa ka danne birki da ƙarfi, tayoyin za su kulle, motar ta tafi inda ta ga dama. Tafiyar birki kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudu, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkawa. Ka leƙa kujerar bayan motar Baba ma, mai yiwuwa ba za ka ga bel ko ɗaya ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Mustang ta wanke kanta. A 2017 hukumar gwajin karo ta Turai, Euro NCAP, tauraro biyu cikin biyar ta ba ta, bayan an yi mata gyara ta samu uku, kuma kariyar mutanen baya tana cikin inda ta gaza. Sannan ƙarfin nata da kansa haɗari ne. Tayoyin baya ne suke ja, titunanmu kuwa yashi ba ya rabuwa da su, musamman a bakin kwana da kan shataletale. Ka taka totur da ƙarfi kana fitowa daga kwana, bayan motar ya nemi wuce gabanta. Na'urar riƙe ta tana ceto a nan, amma abu na farko da samari suke koya shi ne inda maɓallin kashe ta yake, don wasan mota a ranar ɗaurin aure. Yawancin waɗanda aka kawo mini a murƙushe ba a kan titin Zariya suka yi hatsari ba, a cikin gari ne, wasu ma da ƙaramin gudu, sun haye kan shingen tsakiyar titi ko sun rungumi turken lantarki.

Gyara, kaya da mai

Injin 504 yana da wata ɗabi'a da ta sa ya yi tsawon rai a ƙasar nan. Silindojinsa silif ne da ake zarewa. In inji ya gaji ya fara hayaƙi da shan baƙin mai, ba sai an kai bulok wurin masu boriya ba: a sa sabon silif da fistin da ringi da metal, a yi gasket, ya koma kamar sabo. Wutarsa kontak ne da kondensa da kwayil. In ta ƙi tashi, abu uku za ka duba, mai da wuta da iska, kuma dukkansu ido yana ganinsu. Har yanzu ana samun kayanta a Ƙofar Ruwa.

Matsalar guda biyu ce. Ta farko, ingancin kayan. Sababbin da ake kawowa yanzu da yawa jabu ne, kontak ya ƙone cikin mako biyu, famfon ruwa ya fara yoyo kafin damina ta wuce. Sau da yawa tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon cikin kwali. Ta biyu, masu hannu. Dattijan da suke saita kafireto da kunne, su murɗa sukuru kaɗan su saurara, su sake murɗawa har injin ya daidaita numfashi, suna ƙarewa. Yaran da suke tasowa a gareji Toyota da Honda suka sani. In ka samu tsohon bakaniken Fijo, ka riƙe shi da kyau.

Mustang akasin haka ce. Injinta mai ƙwari ne, in ana ba shi haƙƙinsa zai yi dogon zamani ba a buɗe shi ba, kuma ba ruwanka da saitin safe da yamma. Amma ranar da fitilar inji ta kama, sai na'urar bincike da wanda ya iya karanta abin da ta nuna. Abin da ke kashe irin waɗannan motoci a Kano ba titi ba ne kawai, al'adun gareji ne da aka gada daga zamanin Fijo. A cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, a zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka yi wa mai sirara, a fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, a sayar. Tsohon inji yana yafe wannan. Injin aluminiyam mai kwamfuta ba ya yafewa: zai riƙa shan mai fiye da kima, ciki ya yi tsatsa da gishiri, wata rana cikin zafin Afrilu ya tafasa. Juyen baƙin mai ɗaya a GT ta 2018 kusan lita tara da rabi ne, na roba mai tsada, ninki biyu na abin da ƙaramar mota take sha. Kayan jiki kuwa, fitila ko bamba ko gilashin ƙofa, sai an aika Legas ko an yi oda daga waje, motar tana zaune tana jira.

Kan fetur, mutane suna zaton tsohuwa ce mashayiya, sabuwa mai tattali. A nan ba haka ba ne. A gwajin Amurka kanta, GT ba ta kai kilomita bakwai a lita ɗaya a cikin gari, balle a cunkoson Kano da na'urar sanyi a kunne. Fijo mai saitin kirki takan ɗan fi haka, wadda kafiretonta ya lalace kuma ta sha fiye da Mustang ɗin. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan lissafi ya zama na kowane wata, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma ingancin man. Matsin injin Mustang na 2018 ya kai 12 bisa 1, na Fijo bai kai 9 ba. Inji mai matsi da yawa kuwa fetur mai inganci yake so. Mustang za ta yi tafiya da fetur ɗinmu na gidan mai, kwamfutar za ta ja da baya ta rage ƙarfi don kare injin, amma doki 460 ɗin da mai mafi inganci aka auna su. Man galan na bakin titi kuwa, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba, Fijo za ta yi tari ta wuce, Mustang kuma za ka sayi nozul da famfon mai.

In ka nace sai Mustang

Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau da kuɗinsa na halak, ni ma in na ji ƙarar silinda takwas sai na ɗaga kai daga aiki. Amma ka sani da yawa daga cikin irin waɗannan motoci da ake shigowa da su daga Amurka a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye aka saye su, aka gyara a hanya. Motar gudu kuma ba a cika yin ƙaramin hatsari da ita ba.

Ka karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka sa a bincika tarihinta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo ake samu. Ka kunna makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido: dole ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi. Ko ta yi daidai ma a sa na'ura, domin akwai masu sa ɗan ƙaramin abu a waya su yaudari kwamfuta, alhali cikin sitiyarin babu komai. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujera ko akwai busasshiyar laka ko tsatsa a kan kusoshi. A ɗaga motar a duba ƙarfen shasi na gaba ko an yi masa walda ko an ja shi. Sannan takardun kwastan, ka tabbatar da su da kanka, kada ka tsaya ga rantsuwar dillali. Wanda zai duba maka kuma ya zama naka ne, ba wanda dillalin ya kawo ba.

In duk ta tsallake wannan, ta zama mota ta biyu, ta mutumin da ya riga ya sallami buƙatar gida.

Abin da zan yi da a ce ni ne

Ba zan sayar da motar Baba ba. Kuɗin da za a ba ka ba zai taka kara ya karya ba, masu sayen ma yawanci yanka ta za su yi, alhali 504 mai jiki na asali tana ƙara wuyar samu. Busasshiyar iskar Kano ta yi muku rana, domin irinta da ta zauna a Legas ko Fatakwal da tuni ƙasanta ya rube. Duk da haka a duba ƙarƙashin kafet, da cikin but, da wuraren sa jak.

Kada ka bari a sa mata batir a yi ta murza makulli don a ji ko za ta tashi. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki da kafireto, sai an sauke an wanke. A zubar da tsohon baƙin mai, a cire fulogi a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a juya injin da hannu a tabbatar bai kame ba. Duk abin da yake roba a canza shi ko da ya yi kyan gani: tiyon fetur, tiyon birki, tiyon lagireto, bel ɗin fanka. Tsohon tiyon fetur da ya tsage a kusa da inji mai zafi shi ne yake cinna wa irin waɗannan motoci wuta. Man birki yana shan danshi yana zaune, a zubar a sa sabo, a buɗe kowace ƙafa a duba. Tayoyi kuma ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta daɗe haka, ko zanenta bai goge ba, ba ta hau titi. Ka sa rewaya ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ɓeraye suna son motar rumfa. In da hali a musanya kontak da wutar lantarki ta zamani, wannan kaɗai zai rage maka rabin wahalar tashin safe, a kuma sa bel mai kyau gaba da baya, a ɗaure shi a ƙarfe mai lafiya. A ajiye abin kashe gobara a ƙarƙashin kujera.

Bayan haka ka hau ta zuwa masallacin Juma'a, da zumunci a cikin gari, har Bompai ɗin ma in ka ga dama, gudun cikin gari bai fi ƙarfinta ba. Amma tafiyar Katsina da yara, cikin cunkoson sallah da tireloli da masu wuce juna a kan kwana, ba da ita ba.

Kuɗin Mustang ɗin kuma ka raba shi. Kaso mafi girma ka sayi mota mai ƙofa huɗu ta zamani mai silinda huɗu, irin su Camry ko Accord ko Corolla, wadda take da ABS da na'urar hana zamewa da jakunkunan iska na gefe, kuma kayanta suna ko'ina a garin nan. Ita ma a yi mata binciken da na lissafa a sama, domin daga gwanjo ɗaya suke fitowa. Abin da ya rage ya isa gyaran Fijo, har da canjin da za ka ajiye don taya da juyen mai. Ƙaramin cikin yaran in bai kai shekarun zama da bel ba, ka haɗa da kujerar yara a cikin lissafin.

Ka ɗauko mini hoton injin Fijon da ƙarƙashinta da lambar da ke jikin bulok, domin da yawa an sauya musu inji da na 505 a tsawon shekaru, kuma sai na san wanda ke ciki zan iya gaya maka kayan da za ka nema a Ƙofar Ruwa.